Ɗana ya kangare a Ingila, in turo shi makarantar horo a Kano?

Wata baiwar Allah 'yar asalin Gwammaja da ke aikin jinya a Manchesta ta rubuto min cewa ɗanta mai shekara 15 ya fara shan wiwi, yana gudun makaranta, har 'yan sanda sun taɓa dawo da shi gida da tsakar dare. Yayan mijinta a nan Kano ya ce a turo shi da sunan hutu, akwai makarantar kwana ta kangararru da za ta saita shi cikin shekara uku. A Kano aka haifi yaron, yana da takardar zama ta dindindin a Ingila, amma bai zama ɗan ƙasa ba.

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a, ya sanyaya miki zuciya. Shawarata ita ce kada ki kai shi wurin nan, kuma kada ki yaudare shi.

Ba labari aka ba ni ba. Ɗan ƙanwata ya yi wata takwas a irin wannan gida a cikin birni, mu da kanmu muka kai shi, muna ganin gata muka yi masa. Ranar da muka ɗauko shi, yana tafiya yana tattale ƙafa kamar har yanzu marin na nan. Idon sawunsa ya yi kanta, bayansa duk shatar dorina, ƙazwa ta cinye masa tsakanin yatsu. Ya ce a ɗaki ɗaya ake cusa su, da bokitin bahaya a lungu, yara ƙanana tare da ƙarti masu gemu da masu taɓin hankali. Wanda ya daɗe shi ake naɗawa shugaban ɗaki, shi ke duka, shi ke ƙwace abincin sabon zuwa. Duk ziyarar da muka kai, malami na tsaye a kansa, sai ya ce mana lafiya lau. Akwai abin da aka yi masa da dare wanda sai bayan shekara biyu ya iya faɗa wa uwarsa. Kuma bai cika wata ɗaya a gida ba ya koma shaye-shaye, har da ƙwayoyin da a can ya fara jin sunansu.

A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Aka bi da Daura da Katsina da Zariya, sannan gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe gidajen mari a jihar. To amma sauya allon suna a ƙofar gida ba shi da wuya. Ba na cewa kowace makarantar kwana haka take, akwai malamai masu tsoron Allah. Abin da ya tayar min da hankali shi ne yadda aka ce a kawo shi a ɓoye. Anas ɗan Malik ya yi shekara 10 yana yi wa Manzon Allah (SAW) hidima tun yana yaro, Annabi bai taɓa ko tsawata masa ba. Wanda ya sa wa ɗan mutane ƙarfe da sunan addini, ba a nan ya samo ba.

Sai maganar takardu, wadda na tabbata Baffansa bai lissafa ba. Mai takardar zama ta dindindin a Ingila, idan ya yi fiye da shekara 2 a jere a waje, takardar ta faɗi. Komawa sai da bizar mai komawa mazauninsa, ita ma ba tabbas. Shekara ukun nan za ta iya raba ki da ɗanki, ke kina can, shi yana nan. Ga jarrabawar kammala sakandare ta Ingila, wato GCSE, da ake zanawa a shekara 16, ita ma ta wuce shi. Idan kuma yaro ya ɓace daga aji, makaranta za ta bi sawu, ma'aikatan kula da yara su shigo maganar, su waiwayi ƙannensa. Aikin jinya kuwa, kin fi ni sani, ba ya son irin wannan tabo. A 2025 kotunan Landan sun saurari ƙarar wani yaro da ya maka iyayensa saboda sun kai shi Gana da sunan ziyara suka bar shi a makarantar kwana. Tun yanzu ki ga lauyan shige da fice kan yi masa rajistar zama ɗan ƙasa, ko zai zo Kano ko ba zai zo ba.

Ki fara da likitanku na unguwa, ki nemi ya tura shi sashen kula da matasa masu shaye-shaye, kyauta ne. Ki bincika su wa yake bi, domin akwai gungun dillalan ƙwaya a Ingila da ke ɗaukar yara irinsa aike, su ɗaure su da bashi. Wani lokacin abin da muke kira taurin kai tsoro ne.

Idan kuka ga dole sai ya sha iskar gida, ki faɗa masa gaskiya, ki ɗauki hutu ki rako shi da ƙafarki, da tikitin komawa. Fasfonsa ya zauna a hannunki ko na mahaifiyarki. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma tana da masu ba da shawara. Ya kwana a gida cikin dangi, ya je Islamiyya da rana.

Baffansa kuwa, ki girmama shi, da kyakkyawar niyya ya yi magana, kuma ki bar maigidan ya yi masa bayani. Ku tambaye shi ko makarantar na da rajistar gwamnati, ko za ki iya shiga ɗakin kwanansu ba tare da sanarwa ba, ko yaro zai kira ki a waya babu kowa a kansa. In ya ce dokar wurin ba a ganin yaro sai bayan wata uku, ku yi masa godiya, ku ce kun fasa.