Ka tsayar da rana kafin ka buga kashi na uku

Malam, ka ce littafinka na labarin zane, kashi na farko ya ƙare tas a unguwar Aboabo ta Kumasi, na biyu kuma ya kwanta bayan wata biyar da ka yi shiru. Ko a Amurka kashi na farko ya fi tafiya, saboda masu ɗanɗanawa. Amma can sababbi na fitowa duk Laraba, mai shago kuma yana ajiye wa kwastomominsa nasu da sunayensu. Kai kuwa yaron da ya tara sidinsa, kuɗin Ghana, yana jiranka tuni ya sayi data. Ka rage shafuka, ka zana kashi uku a ajiye, ka riƙa fitarwa Juma'ar farkon wata bayan an sauko masallaci. Dillalinka na kasuwar Kejetia ya rubuta sunayen masu dawowa.