Magani ya sauke hawan jinin ɓera, to mutum fa?

Tambaya: Ina koyon aikin jinya a Garwa. Malaminmu ya ce wasu magungunan hawan jini ba sa aiki sai jiki ya sarrafa su tukuna, kuma a dabbobi ake fara gwada su. Idan magani ya sauke jinin ɓera, shi ke nan zai yi wa mutum?

Amsa: Malaminku ya faɗi daidai, ɗan'uwa, amma amsar tambayarka a'a ce, sai an san wace dabba aka yi amfani da ita da kuma yadda hawan jinin ya same ta.

Ɗauki maganin hawan jini enalapril. Ƙwayar da mara lafiya ke haɗiya ba ta da wani ƙarfi a karan kanta. Sai ta isa hanta, wani sinadari ya yanke mata ɓangare, ta koma enalaprilat, wanda shi ke hana jiki haɗa angiotensin II mai matse jijiyoyin jini. Enalaprilat ɗin hanji ba ya shan sa sosai, shi ya sa ta jijiya ake ba da shi. A jinin ɓera kuwa akwai sinadarin da ke wannan yankan, abin da jinin mutum da na kare ba su da shi. Saboda haka idan aka ɗebi jinin ɓera aka ajiye bisa tebur, juyawar tana ci gaba a cikin kwalba, awo ya fito ƙarya. Dole a sa shi a ƙanƙara nan take, a zuba abin da ke tsayar da sinadarin.

Losartan, wani maganin hawan jinin, ya fi ban sha'awa. Shi kansa yana aiki, amma a jikin mutum hanta na juya kusan kashi 14 cikin ɗari zuwa wani sinadari mai suna EXP3174, wanda ya ninka shi ƙarfi sau 10 zuwa 40, kuma rabinsa ba ya barin jini sai bayan awa 6 zuwa 9, alhali na losartan awa 2 ne. Ɓera ma yana wannan juyawar. Kare kuwa kaɗan ƙwarai yake yi, don haka wanda ya tsaya a gwajin kare zai raina magani mai kyau.

Sai batun hawan jinin kansa. Akwai ɓerayen da ake kira SHR, waɗanda masu bincike Okamoto da Aoki suka samar a Kyoto ta Japan a 1963, masu gadon ciwon, jininsu na sama yana kai 180 zuwa 200, wato 18 zuwa 20 a lissafin asibitocinmu. Akwai waɗanda ake matse wa jijiyar ƙoda, dabarar da Goldblatt ya fara a karnuka a 1934. A nan renin, sinadarin da ƙoda ke fitarwa wanda ke sa jiki ya haɗa angiotensin II, kan tashi, enalapril ya yi aiki sosai. Akwai kuma waɗanda ake cire wa ƙoda ɗaya, a ba su DOCA, wani sinadari mai sa jiki ya riƙe gishiri, da ruwan gishiri. Renin ɗinsu ƙasa yake, enalapril ba ya taɓuka abin kirki. Yawancin masu hawan jini a cikin baƙar fata sun fi kama da wannan na ƙarshe, shi ya sa likita kan fara da amlodipine ko maganin sa fitsari.

Awon ma yana ruɗi. Ana sa zobe a wutsiyar ɓera bayan an ɗumama shi, amma ɓeran da aka matse a bututu tsoro kaɗai kan ɗaga jininsa, sai an yi kwanaki ana saba masa. Maganin sa barci kuma sauke jini yake yi da kansa. Idan ka karanta cewa ruwan wani ganye, ko zoɓorodo ne, ya sauke jinin ɓera, fara duba ko a farke aka auna shi.