Amsa ga ƙanenmu mai son sayo tsofaffin gem daga Faransa

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce kana karatu a Faransa kuma kana son ka tattaro tsofaffin na'urorin gem irin su Super Nintendo da Sega da PlayStation na farko ka zo da su Maraɗi in ka tashi hutu, ina ake samu kuma za su yi aiki nan ko a'a. To ni na zauna can kuma na yi wannan hidima sosai, bari in gaya ma abin da na sani.

Farko kar ka fara da shagunan boulevard Voltaire na Paris, kusa da République. Kaya akwai wallahi, ka je ka kashe ƙwarƙwatar ido, amma masu shagon sun san darajar komi, kaset guda sai su ce ma yuro hamsin, kuma ka san yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ka ga ya haura jaka talatin kenan. Inda ake dacewa shi ne vide-grenier, wato ranar lahadi mutanen unguwa su fiddo tarkacen gidansu su baza bakin hanya. Ka yi sammako don masu sari tun da asuba suke zagayawa, kuma ka riƙa leƙa kwalayen da ke ƙarƙashin tebur, sau da yawa tsohuwa ce ke saida kayan 'ya'yanta da sunka girma sunka bar gida, ita dai a rage mata kaya. Akwai shagunan Emmaüs masu saida kayan gwanjo, akwai Leboncoin a waya inda mutane ke tallar tsofaffin kayansu, in kuma kana can farkon Satumba ka tahi Braderie ta Lille, babbar kasuwar gwanjo da ke ci sau ɗaya a shekara.

Amma abin da na fi so ka riƙe, kar ka biya kuɗin na'urar da ba ka gani an kunna ba, kuma kar ka ɗauke ta babu wayoyinta. Nan ne mutane ke asara. Wasu na'urorin da anka yi don kasuwar Faransa, kamar NES ta Nintendo da Mega Drive ta Sega, hotonsu ta Péritel yake fita, wannan faffaɗan kai mai fil 21, kuma da yawan talabijin ɗin da ke gidajenmu ba su da ramin, jan waya da fari da rawaya kawai gare su ko HDMI. In ka zo babu wayar asali da ɗan akwatin da ke juya Péritel zuwa HDMI, sai ka zagaye babbar kasuwa kaf ba ka samu ba. Ka saye su tun can.

Batun kuran, na Turai lafiya lau, volt 230 ne can mu 220, kan filogin ma yana shiga. Wanda za ka yi hattara da shi na Japan ne mai 100 da na Amurka mai 120, ka soka shi kai tsaye nan take adafta ta ƙone, na taɓa gani a ɗakin gem na wani abokina, ƙauri kawai munka ji. Sannan kaset da faifai su dace da na'ura, in PlayStation ta tsarin Turai ce (PAL) to ba ta karɓar faifan tsarin Amurka ko Japan (NTSC). Game Boy ce dai ba ruwanta, kowane kaset ci take.

Jabu kuma ya yi yawa, musamman Pokémon. Ka duba takardar gaban kaset, na asali akwai 'yan lambobi da anka danna cikin takardar, sai ka karkata shi ga haske ka gan su. Na Super Nintendo ka juya baya, kusoshinsa ba na sukundireba ta gida ba ne, in ka ga kusa mai kuros ka yi shakka. Kaset ɗin da ke ajiye wasa akwai ɗan batir CR2032 ciki, Super Nintendo ta fito Faransa tun 1992 ka ga batiran da yawa sun mutu, amma wannan ba matsala ba ne, duk mai gyaran waya zai canza ma.

Ni shawarata ka fi ba masu kaset ƙarfi, don ƙurar hunturu ta Maraɗi ba ta barin idon da ke karanta faifai na PlayStation, wato PS1 da PS2, lafiya, kaset kuwa ka goge shi da auduga da ɗan alkol ya tashi. In dai sai ka yi PS2 saboda wasan ƙwallo na PES 6, to ka sa mai kayan ya saka faifai ka ji ko yana wahalar karantawa, ka danna kowane maɓalli na manet, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasan, ka haɗo da katin memori. Manet na asali ka ɗauki biyu ko uku in ka samu da sauƙi, su ne ke fara lalacewa.

Wajen tahowa ka naɗe su cikin tufafi tsakiyar akwati, don bayan jirgi akwai fiye da kilomita 600 na bas daga Yamai, kuma kar ka jibgo iri ɗaya da yawa 'yan duwan su ɗauka na saidawa ne. Ka tanadi regilata mai daidaita ƙarfin kuran kafin ka kunna komi a gida. In ka ga wani abu kana kokwanto ka turo hotonsa gaba da baya cikin gurup in duba ma kafin ka biya.