Likita, Me Ya Sa Cikina Ke Kumbura Bayan Cin Abinci?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan ciki suke, shi ya sa na tsamo guda biyar na haɗa su wuri ɗaya. Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Da rana shinkafa da wake nake ci a shago, ina ci ina ciniki, wani lokaci ma a tsaye. Minti biyar na gama. Bayan nan sai cikina ya kumbura, in yi ta gyatsa, kasala ta rufe ni har la'asar. Olsa ce?

Amsa: Alhaji, abin da ka kwatanta ya fi kama da ƙwarnafin gaggawa. Idan abinci ya sauka, tumbi yana buɗewa, hanji kuma yana sakin wasu sinadarai cikin jini, su ne ke kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa an ƙoshi. Wannan saƙo yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya isa sosai. Kai kuwa cikin minti biyar ka gama, wato ka zuba abin da ya fi ƙarfin cikin tun ɗan aiken bai iso ba.

Ga kuma batun tauna. Narkewar shinkafa, tuwo da burodi a baki take farawa, domin yawu yana ɗauke da sinadarin da ke fara warware sitaci. Lomar da ba a tauna ba aiki ce aka ƙara wa tumbi. Mai ci yana magana da masu saye kuma iska yake haɗiya tare da abincin, ita ce take dawowa gyatsa. In aka kora da lemon kwalba, an ƙara iska a kan iska.

Na san inda saurin nan ya samo asali. Da yawanmu a kwano ɗaya muka tashi muna ci da 'yan'uwa, wanda ya yi sanyin hannu ya tashi da yunwa. Ci tare albarka ne, ba na son a daina shi, amma hannun da ya koyi rige-rige tun yarinta yana bukatar a sake koya masa. Ka bar wa yaron shago ciniki na minti 20. Ka zauna, ka yi bisimilla, ka sa a zuba maka kashi biyu cikin uku na abin da ka saba. Ka riƙa ajiye cokali har sai ka haɗiye lomar da ke bakinka. In ka gama, ka dakata kaɗan ka ji ko har yanzu da sauran yunwa. In akwai, ka ƙara. Ma'aunin da ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, sulusin ciki na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi, shi ne nake ba marasa lafiyata, domin ban ga wanda ya fi shi sauƙin riƙewa ba. Ka gwada mako biyu. In babu sauyi, ka je a duba ka.

Tambaya: Ina gaisuwa daga Damagaram. An gwada ni an ce ina da ciwon suga. Maƙwabta sun ce in bar tuwo da shinkafa har abada, in koma alkama da acca. Yanzu tsoron abinci nake ji.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ki lafiya, ki kwantar da hankalinki. Alkama da acca su ma sitaci ne, in kika cika kwano da su sugan zai hau kamar yadda zai hau da tuwon masara. Abin lura shi ne girman malmala da abin da ke rakiyarta. Ki raba farantinki a ido: rabi ganye, irin su zogale, rama, alayyahu ko kabeji, kwata wake, kifi, ƙwai ko nama, kwatan da ya rage tuwo ko shinkafa, kamar girman dunƙulen hannunki. Ki fara da ganyen, ki ci a zaune cikin natsuwa.

Inda na fi jin tsoro shi ne abin sha, domin mutane suna lissafa abin da suka tauna, su manta abin da suka kurɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kusan gram 50 a yini ga babban mutum, wato cokalin shayi 12, kuma in ya tsaya a cokali 6 ya fi. Wannan ma'auni na mutum mai lafiya ne fa. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗaukar kusan cokali 9. Ki haɗa da shayin safe, kunu, zoɓo da furar da aka dama da sukari, ki ga inda lissafin ya kai. Gishiri kuma kada ya kai gram 5 a yini, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

In kina da na'urar gwaji a gida, ki riƙa gwadawa awa biyu bayan cin abinci, kina rubuta abin da kika ci. Cikin 'yan makonni za ki san abincin da jikinki yake ɗauka. Sai dai ki kiyaye abu ɗaya: kada tsoro ya sa ki tsallake abinci alhali kina shan magani ko allurar insulin. Suga yana iya faɗuwa, ki ji rawar jiki, zufa da jiri, kuma wannan haɗari ne na nan take.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a jami'a. Duk dare in ina karatu ko ina danna waya sai in cinye ledar cincin ko biskit ban sani ba, alhali na ci abincin dare. Nauyina yana ƙaruwa.

Amsa: 'Yata, yunwa daban, kwaɗayi daban. Yunwa a hankali take zuwa, ciki ya yi ƙugi, ko ɗumamen tuwo aka ba ki za ki ci. Kwaɗayi kuwa farat ɗaya yake taso wa mutum, kuma abu ɗaya yake nema, mai zaƙi ko soyayye, galibi lokacin damuwa, kaɗaici ko gajiya. Ƙarancin barci ma yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa. Idan ido yana kan waya, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe lissafin abin da ya shiga baki. Kada ki ci daga leda. Ki ɗebi kaɗan a ƙaramin kwano, ki kife wayar, ki ci, ki tashi. In kuma kin ga kina ci har ki rasa iko da kanki, ko kina jawo amai bayan ci, wannan ciwo ne da ake magani, ki ga likita ba tare da jin kunya ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara biyu ba ya son cin abinci. Surukata ta ce in riƙa yi masa ɗura kamar yadda aka yi wa babansa. In yi?

Amsa: Maman yaro, don Allah kada ki yi. Na san Inna da kyakkyawar niyya ta faɗa, haka aka reni da yawa daga cikinmu. Amma yaron da aka danne, aka toshe masa hanci yana kuka, kunu yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Daga nan sai shaƙewa ko ciwon huhu, kuma akwai yaran da aka rasa ta wannan hanya. Ko an tsira daga wannan, yaron ya koyi cewa abinci faɗa ne, ya kuma daina sauraron cikinsa, abin da manya ke wahalar koyowa daga baya.

Bayan shekara ɗaya girman yaro yana rage sauri, cinsa ma yana raguwa, wannan ba ciwo ba ne. Tumbinsa ƙarami ne: ki ba shi abinci sau uku ko huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa kamar ayaba ko dafaffen ƙwai a tsakani. Ki duba ko alewa, biskit da lemo ne ke cika masa ciki kafin lokacin ci. Ki zaunar da shi a ci tare, da kwanonsa daban don ki ga abin da ya ci, ki bar shi ya sa hannu ko zai ɓata riga. Sabon abinci wani lokaci sai an kawo shi sau goma kafin yaro ya karɓa. Ki riƙa kai shi awo. In nauyinsa ya tsaya ko yana raguwa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko yana yawan gudawa, a tafi asibiti ba jira. In ya yiwu ki tafi da Inna, ta ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya, zai fi sauƙi a kan ki faɗa mata da kanki.

Tambaya: Ni direba ne, sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare nake cin tuwo da tsire in kwanta. Ƙirjina yana zafi, ruwa mai tsami yana taso mini. Na rage sauri wajen ci amma bai daina ba.

Amsa: Malam, ruwan tumbi ne ke hawowa maƙogwaro saboda kwanciya da cikakken ciki. Ka mayar da babban cinka rana, na dare ya zama mara nauyi, ka bar awa biyu zuwa uku tsakanin ci da kwanciya. Ka rage maiƙo, yaji, goro da taba, ka ɗaga gefen kai na gadonka. Amma natsuwa wajen ci ba ta kashe ƙwayar cuta. Yawancin gyambon ciki wata ƙwaya ce mai suna H. pylori ke jawo shi, ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda direbobi ke yawan sha. Ana gwada ƙwayar, ana kuma maganinta cikin kusan mako biyu. In ka ga baƙin bayan gida, aman jini, rama ba dalili ko wahalar haɗiya, ko zafin ƙirjin yana zuwa da zufa yana sauka hannun hagu, ka ajiye mota ka nufi asibiti a ranar.