Soket ɗaya ba ya nufin kwamfuta za ta tashi

Yaron shagona, ka ce wani ɗalibi daga Samaru ya kawo maka firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin i5-3470 a haɗa masa kwamfuta, ka ga madabod (bod ɗin da ake ɗora sauran kayan kwamfuta a kai) biyu na hannu a Sabon Garin Zariya, H61 da B75, kana tambaya wanne za ka ɗauka tunda duka soket ɗinsu, wato mazaunin firosesa, samfurin 1155 ne. Ɗauki B75 in aljihunsa ya kai. Ajiye wayar nan ka saurara, don wannan "duka soket ɗinsu ɗaya" da ka faɗa da sauƙin baki ita ta taɓa cinye min jari.

A 2015 ne, shekarar da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya, duk mai ɗaki biyu yana son buɗe wurin koya wa yara danna linzami. Wani Alhaji, ba zan kama suna ba, har yau muna gaisawa a masallacin Juma'a, ya shigo shagon nan da firosesa goma sha biyu a leda, irin wannan na hannunka sak. Ya ba ni kafin alƙalami ɗan kaɗan, ya ce sauran sai aiki ya kammala. Ni kuma da kuɗina na aika Legas aka ɗoro min H61 goma sha biyu, saboda sun fi araha. Na haɗa ta farko, na danna. Fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Na sauya ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), na sauya fawa fak mai ba ta wuta, na cire ɗan batirin nan na mayar. Shiru. Ta biyu haka, ta uku haka. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ni da ake kawo wa abin da ya gagari wasu tun daga Kongo har Kwangila.

Ashe H61 a 2011 ya fito, tare da zubi na biyu na su Core i5, shi kuwa 3470 ɗan 2012 ne, zubi na uku. Yana zama daram a soket, amma tsohon bayos ɗin da ke kan bod, wato 'yar manhajar da ke tada kwamfuta, bai san shi ba. Maganin shi ne ka ɗora tsohon firosesa irin Pentium G620, ta tashi, ka sabunta bayos, sannan ka mayar da naka. Na fita neman aron G620 ɗin ke nan, Alhajin ya zo ya kwashe bod huɗu daga hannun yarona na lokacin, wai ɗansa yana karatun kwamfuta zai duba. Ɗan nasa bai ma lura da 'yan tsagin nan biyu na gefen firosesa ba, ya ɗora a karkace ya danne da marfi. Ka san a irin wannan soket fil ɗin suna jikin bod ne, sirara kamar gashi. Ya kwantar da su kamar iska ta bi ta kan gero. Washegari aka dawo min da su, wai na sayo ruɓaɓɓen kaya. Muka je gaban manya, aka ce a yi haƙuri, ana tare. Haƙurin nan ni kaɗai na biya shi. Sauran takwas ɗin na tashe su lafiya lau, amma cikon kuɗina har gobe.

Shi B75 tare da zubi na uku ya fito, ya san 3470 tun daga kwali. Yana da USB 3.0, ramin USB mai sauri, nasa na kansa, da tasha ɗaya ta SATA mai sauri, inda ake jona ma'ajiyar bayanai, in ɗalibin zai sa irin mai saurin nan, SSD, kuma da yawansu ramin ram huɗu gare su, H61 biyu kawai. Duka ram samfurin DDR3 suke ci. In dole sai H61, tafi da firosesan a aljihu, a ɗora a gabanka ka ga hoto kafin ka zaro ko sisi. Ku yaran yanzu sai mai kaya ya turo muku hoto a WhatsApp ku tura kuɗi.

Wannan tarkon yana nan a soket 1151 ma, har ya fi muni: firosesa zubi na takwas ba ya tashi a kan bod H110, kuma a nan sabunta bayos ba ya ceton ka. Bod ɗin da aka ciro daga HP ko Dell na ofis kuwa, duba inda wuta ke shiga tukuna, wasu ba irin na kowa mai rami 24 ba ne, sai fawa fak ɗinsu.

Batun shafa man sanyaya firosesa da ɗaure sukurori ba zan ɓata bakina ba, shekararka biyu a nan. Ka dai haska cikin soket da tocilan ta gefe, fil ɗin da ya kwanta yana ƙyalli daban da 'yan'uwansa. Ka shafa kan kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan bod, wanda ya kumbura ka bar musu kayansu. Tashi ka je kafin la'asar, kuma ko uban ɗalibin ne ya zo ba na nan, kada ya fita da komai daga shagon nan.