Tambaya da Amsa: Sayar da abinci mai zafi bayan sha ɗayan dare a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon soyayyar kaza da dankali a Birmingham, ƙarfe 11 na dare muke rufewa. Ina so in riƙa kaiwa ƙarfe 2, musamman Juma'a da Asabar. Ba na sayar da giya. Shin sai na nemi lasisi? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sai ka nema, ko da lemo ne kaɗai a firjinka. Dokar Lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a watan Nuwamban 2005, ta ce duk mai sayar wa jama'a abinci ko abin sha mai zafi tsakanin 11 na dare da 5 na asuba sai da lasisin ƙaramar hukuma, a shago za a ci ko tafiya za a yi da shi. Lokacin miƙa abinci ake dubawa, ba lokacin biyan kuɗi ba. Wanda ya biya sha ɗaya saura biyar, ka miƙa masa ledarsa sha ɗaya da minti goma, ka taka doka. Ja ƙofa kana sallamar masu babur masu kai wa mutane abinci gida ta baya ma bai fisshe ka ba, tunda daga shagonka abincin ya fita. Hukuncin tara ce marar iyaka, ko ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida, ko duka biyun.

Kafin ka taɓa fom, binciko takardar izinin sashen tsara gari da aka ba shagon tun farko. Sau da yawa akwai lokacin rufewa a cikinta, kuma lasisi ba ya shafe shi. In ita ta ce 11, lasisi ya ce 2, to 11 ɗin za ka bi har sai ka nemi a sauya ta. Ofisoshi biyu ne a hukuma ɗaya, kowa da dokarsa.

Abin da za ka miƙa shi ne fom mai jadawalin yadda za ka gudanar da shagon, zanen shagon mai nuna ƙofofi da inda kayan kashe gobara suke, shaidar cewa kana da izinin aiki a Birtaniya idan da sunanka kake nema, sai kuɗi. Kuɗin ya danganta da ƙimar da aka yi wa shagon don harajin kasuwanci. Ƙimar da ba ta wuce fam 4,300 ba, fam 100 ne. Daga 4,301 zuwa 33,000, inda akasarin ƙananan shaguna suke, fam 190 ne, sannan fam 180 duk shekara. In ka ƙi biyan na shekarar, a dakatar da lasisin. Ta intanet ya fi sauƙi, domin hukumar ce za ta tura wa 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, jami'an lafiyar muhalli da sauransu kwafi. In da takarda ka nema, kai ne da rabon nan.

Sanarwa ita ce ke yawan kayar da mutane. Takardar shuɗiya ce mai haske, girman A4 ko fiye, da baƙin rubutu mai girman 16 ko sama. A manna ta inda mai wucewa zai karanta daga waje, ta yi kwana 28 a jere, daga washegarin ranar da ka miƙa fom. Ka lura da ƙofar ƙarfe: in ka manna a gilashi, da dare ka sauke ƙofar ta rufe ta, ana iya cewa a sake ƙirga kwanakin daga farko. Sa mata leda ka ɗaure a waje, ka riƙa ɗaukar hotonta. Sai kuma a buga sanarwar a jaridar yankin cikin kwanakin aiki 10.

Idan kwana 28 suka cika ba wanda ya yi ƙorafi, dole a ba ka lasisi yadda ka nema. Idan an yi, ƙaramin kwamitin kansiloli zai zauna cikin kwanakin aiki 20, ya amince, ko ya rage lokaci, ko ya ƙara sharuɗɗa, ko ya hana. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya kai ƙara kotun majistare.

Shawararmu mafi muhimmanci tana kan jadawalin nan, domin abin da ka rubuta a ciki shi zai zama sharaɗin da za a kama ka da shi. Kada zumuɗi ya sa ka yi alkawarin masu gadi biyu kowane dare alhali cinikin Talata ba zai biya ko ɗaya ba. Rubuta abin da za ka iya: kyamarar tsaro mai ajiye hoto na kwana 31, littafin rubuta duk rigimar da ta faru, share gaban shago da kwashe ledoji kafin a tashi, hana masu babur barin inji a kunne ko tsayawa hira a ƙofa, daina fitar da shara da kwalabe cikin dare. Ka sa a wanke fankar zuƙe hayaƙi, a duba ƙugin da take yi. Ƙarar da ba a ji da rana, ƙarfe ɗayan dare har cikin filo mai kwana a saman bene yake jin ta. Kuma ka je wurin jami'in lasisi na 'yan sanda da na lafiyar muhalli da daftarinka tun kafin ka miƙa. Sharaɗin da kuka daidaita a ofis ya fi wanda za a ɗora maka a zaman kwamiti sauƙi. Ka tambaye su ko titinka na cikin wuraren da hukuma ta ayyana cewa shagunan dare sun yi yawa. In yana ciki, kai za ka nuna cewa naka ba zai ƙara damuwa ba.

Tambaya: Ni a saman wani shagon pizza nake zaune da yara uku a Manchester. Na ga shuɗiyar takarda, suna neman kaiwa ƙarfe 3. Ni 'yar haya ce, za a saurare ni?

Amsa: Za a saurare ki, Hajiya. Ba a tambayar takardar mallakar gida, kuma tun 2012 aka cire sharaɗin cewa sai maƙwabci na kusa. Ki rubuta wa sashen lasisi kafin ranar ƙarshe da ke jikin takardar, don ko kwana ɗaya kika makara ba za a karɓa ba. Ƙorafin ya rataya a kan ɗaya daga manufofi huɗu na dokar: hana laifi da tarzoma, tsaron lafiyar jama'a, hana damun mutane, da kare yara daga cutarwa. "Shagunan abinci sun ishe mu" ba hujja ba ce a nan. Ki fara rubuta abin da kike gani da rana da lokaci: daren Asabar, sha biyu saura kwata, babura huɗu a ƙarƙashin taga, yaro ya farka sau biyu. Irin wannan kansiloli ke aiki da shi. Ki sani mai shagon zai ga sunanki, sai in akwai tsoron barazana na gaske, wanda ya kamata ki faɗa wa jami'in tun farko. Ba lallai ki nemi a hana su gaba ɗaya ba, kina iya neman a tsaya ƙarfe 12 a ranakun makaranta. Ko an ba su, suka saɓa, kina da damar neman a sake duba lasisin, kuma ba a biyan ko kwabo.

Tambaya: Daren Sallah kaɗai nake son wuce lokaci a shagona na Landan. Sai na bi duk wannan doguwar hanya?

Amsa: A'a, Alhaji. Akwai sanarwar wucin gadi, fam 21, a miƙa ta aƙalla kwanakin aiki 10 kafin ranar, ban da ranar miƙawa da ranar kanta. Mutumin da ba shi da lasisin kansa na sayar da giya sau biyar yake da ita a shekara. Tunda ranar Sallah sai an ga wata, ka nemi kwana biyu ko uku a jere a takarda ɗaya, domin sanarwa guda tana iya ɗaukar har awa 168.