Me ya sa 'yan besbol ba sa zama a kulob ɗaya?

Ɗan'uwa ka tambaya me ya sa da wuya tauraron besbol ya gama wasansa a kulob ɗaya, to maganar kuɗi ce da doka. Da can kulob ke riƙe ɗan wasa yadda ya ga dama, amma tun 1976 in ka yi shekara shida a babban lig na Amurka kana da 'yancin tafiya inda aka fi biya, ƙananan kulob kuwa ina za su iya ja da masu kuɗi? Kalli tauraron besbol Shohei Ohtani, ya bar kulob ɗin Angels ya koma kulob ɗin Dodgers kan dala miliyan 700. Wallahi shi ya sa nake ganin girman Tony Gwynn, daga 1982 har 2001 yana kulob ɗin San Diego, bai ci kofin World Series (kofin zakarun babban lig ɗin) ba amma bai tafi ba.